Bayan Katangar Yaya

Kafinta yana shagonsa yana goge marfin wata kabad da samfefa lokacin da matarsa ta kira shi a waya ta ce ya zo gida, 'yarsu Auta ta faɗo daga katanga. Ko fensirin da ke bayan kunnensa bai cire ba. Ya bar zarto da guduma a kan benci, ya ce wa mai shagon kusa ya sa masa ido, ya kama hanya yana rabin tafiya rabin gudu.

Gidan nasu gida ɗaya ne da aka raba biyu bayan rasuwar mahaifinsu. Yayansa, wanda 'yan unguwa ke kira Mai Kaji, shi ya ɗauki ɓangaren da ke da fili a baya, ya cika shi da kejin kaji masu ƙwai, kuma a wajensa tsohuwarsu take zaune. Kafinta ya samu ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. A tsakani akwai katangar bulo wadda ba ta wuce kafaɗar babban mutum ba.

Ya tarar da Auta kwance a kan tabarma, yarinya 'yar shekara goma, rigarta jiƙe da gumi, ta rungume hannunta na dama a ƙirji. Uwarta na durƙushe a kanta. Yaya yana tsaye, matarsa a bayansa tana kallon ƙasa. Yaya ne ya yi bayani. Ya ce iska ce ta ɗauke rigar makarantar yarinyar daga igiyar shanya ta jefa ɓangarensa, ita kuma maimakon ta zagayo ta ƙofa ta yi sallama, sai ta taka benci ta haye katanga, ta faɗa kan wani tsohon kwanon rufi. Shi da kansa ya ɗauko ta ya kawo.

Kafinta ya buɗe tafin hannun a hankali. Wasu 'yan tabo biyu ne farare, ko jini babu. Da ya ga haka sai tsoron da ya taho da shi ya koma faɗa. Sau nawa Yaya ya yi ƙorafin cewa yara na tsallaka masa katanga suna firgita kaji?

"Ban hana ki hawa katangar nan ba?" ya ce da ita. "Ke kunnenki na ado ne?"

Auta ta dube shi, ta dubi matar Yaya, ta rufe ido. Ya juya ya yi wa yayansa godiya, ya kuma ba shi haƙuri a kan rashin jin yarinyar. Yaya ya ce babu komai, ai ɗiyarsa ce.

Da suka fita, uwar Auta ta ce ita abu ɗaya ne bai shige ta ba. Tun kafin sha biyu ta bar yarinyar tana shanya ta tafi kasuwa, ba ta dawo ba sai wajen ƙarfe biyu, kuma a lokacin ne ake shigowa da ita. To, duk tsawon lokacin nan ina take? Kafinta ya ce mata ta bar neman magana, mutum ya taimaka musu za ta tsaya lissafa masa mintoci.

Mai kemis ɗin bakin titi ya wanke tabon da ruwan magani yana tsokanar Auta, wai ɗan wannan ciwon ne aka ɗauko ta a kafaɗa kamar wadda mota ta buge. Ya tambayi abin da ya faru, aka ce faɗuwa ce. Ya ce to targaɗe ne, ya naɗe hannun da bandeji tamau tun daga yatsu har gwiwar hannu, ya ba da maganin rage zafi, ya ce kwana uku za ta koma wasanta.

Washegari hannun ya kumbura har bandejin ya nutse a cikin fata. Auta ba ta ci komai ba sai ruwa. Uwarta ta raka ta bayi, ta dawo ta ja mijinta gefe ta ce fitsarin yarinyar ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Tsohuwa ta zagayo da sandarta ta zauna a bakin tabarma. Ta ce ciwon shawara ne, yara na yin sa idan sun firgita. Ta ja kunnen Auta tana cewa wannan birin naku dai sai an sa masa igiya a ƙugu. Da can Auta ba ta barin ta kwana, sai ta rama da cewa birin ma a wajen kakarsa ya gaji hawa. Ranar ba ta ce uffan ba.

A rana ta uku Kafinta ya taɓa yatsun da suka leƙo daga bandeji ya ji su sanyi ƙalau. Ya ce ta motsa su, ta ce tana motsawa, amma ko ɗaya bai motsa ba. Ya sa takalmi ya ce asibiti za su.

A ƙofar gida ya ci karo da Yaya, kamar jiransu yake. Yaya ya tambayi ina zuwa, da ya ji sai ya girgiza kai. Ya ce mutanen asibiti ba su san komai a kan ƙashi ba sai yanka, mutum ya je da targaɗe ya dawo da ɗinki. Ya ce akwai wani mai ɗori da ya sani, wanda ya gyara ƙafar direbansa cikin sati biyu, kuma shi zai kai su a motarsa. Tun suna yara Kafinta bai taɓa cewa a'a ba idan Yaya ya ce e. Shi ya koya masa hawa keke, shi ya kai shi wajen koyon sana'a. Kuma ga mutum ya bar kajinsa da kasuwarsa ya kunna mota saboda 'yarka. Suka shiga.

Mai ɗori ya kwance bandejin, ya matsa hannun nan da can, ya ce akwai tsagewar ƙashi a ciki. Ya ja hannun, Auta ta sandare ba tare da ta yi ƙara ba. Ya shafa wani baƙin mai, ya jera 'yan sanduna, ya ɗaure da tsumma fiye da ɗaurin farko, ya ce kada a kuskura a kwance sai bayan kwana bakwai. A hanyar dawowa Yaya ya tsaya ya saya wa Auta lemon kwalba. Ta riƙe shi a hannun hagu har gida ba ta sha ba.

Rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe ta. Kafinta ya je shago ya yanka katako biyu ba daidai ba, ya rufe ya dawo. Matar Yaya ta aiko da ƙwai cikin kwano, amma ita ba ta leƙo ba. Da yamma Auta ta ce wa uwarta hannun ya daina ciwo. Tsohuwa ta ce to ga shi nan, sauƙi ya fara samuwa.

Safiyar rana ta biyar uwar Auta ta ɗaga zanin da ta lulluɓe ta da shi, sai ta ja baya ta toshe hanci, sannan ta ji kunyar abin da ta yi ta fashe da kuka. Yatsun sun yi baƙi. Wannan karon Kafinta bai bi ta ƙofar Yaya ba. Ya saɓa yarinyar a kafaɗa ya fita titi ya tare mota.

Likitar da ta karɓe su mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta da yawan magana. Ta sa almakashi ta yanke tsumman, ta zubar da sandunan, ta daɗe tana kallon tafin hannun. Ta tambayi abin da ya faru, Kafinta ya maimaita abin da aka gaya masa. Ta zagaya ƙarshen gado ta ɗaga ƙafafun Auta ɗaya bayan ɗaya. A dunduniyar hagu akwai wani ɗan tabo zagayayye, busasshe, wanda babu wanda ya lura da shi.

"Wa ya ce muku faɗuwa ta yi?"

"Yayana."

"Wutar lantarki ce ta kama ta. Ta nan ta shiga, ta nan ta fita."

Ta yi masa bayani a tsaye, da kalmomin da zai gane. Ta ce ƙunar lantarki ba a fata take ba, a ciki take cin nama, waje kuwa sai ɗan tabo. Naman yakan kumbura ya matse jijiyoyin jini, shi ya sa idan aka kawo mutum da wuri sukan tsaga fatar su ba kumburin hanya. Nan kuwa ɗaurewa aka yi, har sau biyu. Ta ce da ranar farko aka zo aka faɗi gaskiya, da tana da kyakkyawan zaton za a ceci hannun. Ko a rana ta uku ma da akwai abin gwadawa. Yanzu ran yarinyar ake nema, don gubar ta fara taɓa ƙoda, kuma sai an cire hannun daga ƙasan gwiwa. Ta miƙo masa takarda ya sa hannu.

Kafin a shiga da ita aka bar shi da 'yarsa na ɗan lokaci. Ya tsuguna a gefen gado ya tambaye ta a hankali me ya sa ba ta faɗa ba. Sai da ta sa ya yi alkawarin ba zai yi fushi ba sannan ta yi magana. Ta ce da ta hau katangar ta miƙa hannu ta kama wata waya don ta sauka, sai wayar ta riƙe ta, ta kasa saki, ta kasa kiran kowa. Ba ta san lokacin da Anti, matar Baffanta, ta kashe wutar ba. Ta farka a ƙasa kusa da keji, ta ji Anti tana waya tana cewa ka zo yanzu. Ta daɗe a kwance a rana. Da Baffa ya zo bai taɓa ta ba tukuna, sai da ya ɗauko filaya ya bi katanga yana kwance wayar yana naɗewa. Anti kuma ta sunkuyo ta ce mata idan ta ce waya ce, 'yan sanda za su tambayi abin da ya kai ta gidan mutane, za su ce satar ƙwai ta je, su tafi da ita, su tafi da babanta.

"Ni ba ƙwai na je ɗauka ba, Baba. Rigata ce."

Ya ce ya sani. Aka turo gadon aka wuce da ita.

Kwana biyu bayan aikin, da rana tsaka, Kafinta ya koma gida ɗauko kaya. Ya taka bencin nan ya leƙa bayan katangar. Wasu 'yan katakai ne a jere a jikin bulo, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa taku ɗaya. Ya san su. Shi ya yanka su, shi ya kafa su da hannunsa wata huɗu da suka wuce, ranar da Yaya ya ce yana so ya ɗaura ragar da za ta yi wa kaji inuwa. Ko sisi bai karɓa ba. Ya shafa na kusa da shi. A kan kowane katako akwai ramukan ƙusa biyu ƙanana, sababbi, bakinsu fari, irin wanda ƙusa ke bari idan an fizge ta da gaggawa. Mutumin da ya shekara ashirin yana buga ƙusa ba ya bukatar a karanta masa wannan. Babu wata raga da aka taɓa ɗaurawa a wurin.

Ya sauko ya zagaya ta ƙofa. Yaya yana cikin keji yana zuba dusa. Bai musa ba, bai kuma ajiye bokitin ba. Ya ce sau uku ɓarayi na shigo masa, a zuwan ƙarshe kaji arba'in suka kwashe, ya kai ƙara babu abin da aka yi. Ya ce gidansa ne, katangarsa ce, kuma wayar a ciki take, ba a titi ba. Wanda ya bi ta ƙofa ba abin da zai same shi. Kafinta ya tambaye shi me ya sa bai gaya masa ba, alhali ya san yara na tsallakawa. Yaya ya ce abin da mutum biyu suka sani ai unguwa ta sani, kuma idan ɓarawo ya ji to an yi aikin banza. Kafinta ya tambaye shi me ya sa wutar take kunne da rana tsaka. Ya ce mantuwa ce, kuma wa ya fi ƙarfin mantuwa?

"To, da abin ya faru fa, Yaya? Me ya hana ka ce mini wuta ce? Kalma ɗaya."

Yaya ya zuba sauran dusar, ya kakkaɓe hannu.

"Wa ya aike ta? Kai da bakinka ka ce ka hana ta."

Matar Yaya ta fito daga ɗaki tana share ido da gefen mayafi. Ta ce ita tsoro ne ya kama ta, ba ta san abin da take faɗa ba, kuma a tuna ita ce ta kashe wutar, ba don ita ba da yanzu wani zancen ake. Mai gyaran wutar da ya ja wayar, da Kafinta ya same shi a bakin shagonsa, cewa ya yi shi aiki aka ba shi. Ya ce ya faɗa wa mai gidan ya rataya allon gargaɗi, ya kuma sa na'urar da ke rage ƙarfin wuta ta yadda za ta firgita mutum kawai, mai gidan ya ce shi ba wasa yake da ɓarayi ba, a haɗa kai tsaye. Mai kemis ya ce shi abin da aka gaya masa ya yi wa magani. Mai ɗori ya ce da an bar ɗaurinsa ya cika kwana bakwai da an ga aiki.

Kafinta ya koma asibiti ya zauna a bakin gado. Auta ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru. Takan ce yatsunta na ƙaiƙayi, ta kai hannun hagu ta sosa zanin gado a inda ya kamata su kasance. Ranar da aka fara canza bandeji a gabanta ba ta yi kuka ba, ta dai juya fuska bango, ta tambayi uwarta ko hannun zai sake fitowa kamar haƙori. Uwar ta tashi ta fita baranda.

Akwai wata lauya da Kafinta ke yi wa kantocin littattafai a ofis, aikin ya tsaya tun ranar da abin ya faru. Da ya je ba ta haƙuri ta ga yadda ya koma, ta sa shi ya zauna ya faɗa mata komai. Ya ƙare da cewa ya san ba shi da bakin magana, tunda 'yarsa ce ta shiga gidan mutane ba izini.

Lauyar ta ce wannan ne kuskuren da yawancin mutane ke yi. Doka ba ta ce mai gida ya shimfiɗa wa mai tsallaka katanga tabarma ba, amma ba ta ba shi izinin ɗana masa tarkon da zai kashe shi ko ya naƙasa shi ba, ko da ɓarawo ne, balle yarinya. Idan mutum ya san akwai abu mai haɗari a gidansa, ya kuma san mutane na shigowa ta wurin, musamman yara, to wajibi ne a kansa ya kawar da shi ko ya yi gargaɗi. Ta ce ɓoye gaskiyar da aka yi har hannun ya lalace kuwa wani laifin ne daban, kuma a ganinta ya fi na farko muni. Ta ce idan ya yarda za ta tsaya masa, amma sai an fara kai rahoto an ɗauki bayanin yarinyar, kuma ta san abin da hakan ke nufi a cikin dangi. Ya je ya yi tunani.

Bai san yadda zancen ya isa gida kafin shi ba. Ranar da aka sallamo Auta, da la'asar, aka kira shi ɗakin Tsohuwa. Ya tarar da ƙanin mahaifinsu da gwaggonsu da Yaya a zaune. Ƙanin mahaifin nasu ya fara da cewa abin da ya faru ƙaddara ce, kuma ko an ɗaure Yaya shekara ɗari hannu ba zai dawo ba. Gwaggo ta ce a duba mutuncin gidan, kada a ce 'ya'yan mutum ɗaya sun kai juna gaban hukuma. Ta ƙara da cewa yarinya mace ce, gobe za a yi ta nuna ta ana cewa ita ce wadda aka kama a gidan kaji, gara a rufe zancen. Yaya ya ce zai ɗauki nauyin maganinta da karatunta, in dai maganar ta mutu a ɗakin nan. Kafinta yana sauraro yana jiran abu ɗaya, bai ji shi ba. Babu wanda ya ce an zalunci yarinyar. Kowa ya buɗe baki sai ya fara da cewa ita ma dai da ba ta hau ba.

Tsohuwa ce ta yi magana a ƙarshe. Ta ce su biyu kaɗai gare ta, kada ya sa ta ga ɗaya ya sa an kulle ɗaya kafin ta mutu.

"Inna," Kafinta ya ce, "ranar da kika ce shawara ce, kin sani?"

Tsohuwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Tagar ɗakinta tana kallon katangar ne kai tsaye. Ya jira, ba ta ɗago ba. Ya miƙe ya ɗauki takalminsa a hannu, sai da ya kai ƙofar gidansa ya tuna bai sa su ba.

A irin gidajenmu yaro yakan san iyakarsa tun kafin ya san karatu. Kada ka shiga nan, kada ka taɓa wancan, kada ka mayar wa babba magana. Babban kuwa ba wanda ke zaunar da shi ya gaya masa inda tasa iyakar take. Mutum ya kafa abin kisa a inda ya san ƙafar yara na bi, a ce tsaron dukiya ne. Ya bar yarinya kwance a rana yana naɗe waya, a ce ruɗewa ce. Manya uku su kwana biyar suna kallon hannu yana ruɓewa, kowa ya riƙe kalma ɗaya a bakinsa, a ce rufin asirin gida ne. Ita kuwa da ta bi rigarta, ita ce mai laifin da kowa ya iya faɗa da babbar murya, har da ubanta. Wannan shi ya fi ci wa Kafinta rai. Duk lokacin da ya rufe ido sai ya ga kansa tsaye a tsakar gida yana yi wa yayansa godiya.

Da safe ya sa uwar Auta ta yi mata wanka ta sa mata riga mai dogon hannu. Suka haɗu da lauyar a ƙofar ofishin 'yan sanda. Auta ta ga masu kaki sai ta tsaya cak, ta damƙe gefen rigar babanta. Ya tsuguna ya ce mata ba wanda zai taɓa ta, magana kawai za ta yi, kuma yana nan kusa da ita.

Ɗan sandan da ke ɗaukar bayani dattijo ne mai tabarau, teburinsa cike da fayil. Ya yi tambayoyinsa yana rubutu, Auta tana amsawa da ƙaramar murya. Ta faɗi rigar, ta faɗi wayar, ta faɗi filaya. Da aka zo kan abin da Anti ta ce mata sai ta dubi babanta, ya gyaɗa mata kai, ta faɗa. Dattijon ya cika shafi biyu, ya karanta musu, ya jawo ɗan akwatin tawada ya buɗe. Idonsa na kan takarda, ya miƙo hannu kamar yadda ya saba yi sau ɗari a wata.

"Kawo babban yatsanki na dama."

Auta ta ɗaga hannun rigar. Ya tashi rabi, sauran ya lanƙwashe ya rataya. Dattijon ya ɗago kai, ya cire tabarau, ya ajiye a kan fayil. Lauyar ta juya tana kallon taga.

"Yi haƙuri," Auta ta ce masa, ta miƙa na hagu.

Kafinta ya kama ɗan yatsan ya dangwala mata a tawada, ya ɗora a ƙasan shafin, ya danna. Sannan ya ce mata, a gaban kowa, daga yau kada ta ƙara ba wani haƙuri a kan hannun nan.